Mai Murje Fuskokin Bango

Akwai mugu a gidan nan, kuma shi ke ɓata zanen. Haka Shugaba ya faɗa yana huci, yana nuna hancin Mataimakinsa da aka murje tun fenti bai bushe ba.

Mai zane ya sunkuyar da kai, hannunsa a aljihu.

Shugaba ya kusa ritaya, yana so a bar shi a zane a bangon ɗakin taro shi da ma'aikatansa kaf, kowa cikin kaki, kowa da kamanninsa. Mai zane ya zaunar da shi a tsakiya, ya rage masa tumbi, ya jera gajeru a gaba, dogaye a baya. Sai rigima ta ɓalle. Mai sito ya ce an maƙale shi a gefe kamar ɗan rakiya. Mataimaki ya ce kafaɗar direba ta rufe masa lambar girma.

"Ranka ya daɗe, a matsar da direban?" in ji mai zane.

"Matsar da shi."

Matsar da mutum ɗaya kuwa sai an sake sahu guda. Mai zane bai taɓa ƙorafi ba.

Dogo mai makullai ne ke kawo shi da safe, shi ke karɓe wuƙar gauraya fenti da yamma.

"Malam, kai ba ka da zuciya ne? Da ni ne, da tuni na watsa musu fentin."

"Haske nake jira," in ji mai zane, idonsa a kan taga. Babbar taga ce, ana hango titi, da bishiya, da mata masu tsallakawa.

Bayan hanci aka murje kunnen direba, sai gashin bakin mai sito. Mataimaki da mai sito suka daina gaisawa.

"Na gaji," in ji Shugaba. "Gobe ka gama, ka koma wurinka."

Da yamma, Dogo ya duƙa yana kokawa da kwaɗon ƙofa. Mai zane ya zaro hannu daga aljihu, ya danna babban yatsa a ɗanyen idon Shugaba, ya murza.

Wurin mai zanen kuwa ɗaki ne marar taga a nan gidan kurkukun, ɗaurin rai-da-rai. In kai ne, rantse ka ce za ka bar fentin nan ya bushe.