Mai Jitar da Baba Ya Kora

Kwana biyu kawai suka zo yi a birnin, ita da iyayenta, don kallon wasan mawaƙa. Ba ta gaya wa Baba cewa saurayin da ya kora ne mai jitar ba.

Da aka tafi hutu, ta iske saurayin a gindin matakala, kiɗan yana ta yi mata yawo a ka kamar mafarki. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Baba ya gane ni?"

"Tun waƙar farko. Har lumshe ido ya yi."

"To... in haƙura ke nan?"

Ta gyara mayafinta, murmushi ya kuɓuce mata.

"Ya ce ka zo gida ranar Asabar. Wai ka taho da jitarka."