Buhun da Matata Ta Yi wa Maho

Matata ba ta duniya, damina biyu ke nan. Kai da ka zo daga birni kana mamakin yadda manomi ke kukan tsadar abinci, zauna ka ji misali, kuma a kaina ya faru.

Ƙauyenmu yana bayan gulbi. Mota ba ta iso mu sai da kaka, in ruwa ya janye, kuma mutum ɗaya ke kawo ta, mai shagon bakin mashigi. Abin da ya taya shi ne farashi, don in ka ce za ka kai hatsinka birni da kanka, hanya za ta cinye rabinsa. A waccan kakar na sayar masa da gero buhu shida, muka sayi gishiri, sabulu da kananzir. Ɗaya daga cikin buhunan ɓera ya huda shi, sai matata ta yagi gefen tsohon zanenta shuɗi ta yi masa maho.

Damina ta yi tsakiya, gulbi ya cika, rumbu ya ƙare. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ba abin da cikinta ke karɓa sai kunu. Na sayar da akuyarmu, na shiga kwalekwale na haye, don shagon nan shi ne kasuwarmu, shi ne asibitinmu. Na ce a auna min gero. Ya jawo buhu, sai ga shuɗin mahon nan, ɗinkin hannunta, ko zare ɗaya bai warware ba. Abin da ya ba ni a mudu huɗu, shi yake nema a mudu ɗaya.

Ya ce, "Hanya ce ta yi tsada, Baba."

Na ce, "Wace hanya? Buhun nan daga tsakar gidana ya fito, gulbi kawai ya haye."

Ya ce, "To ai ka sayar, Baba."

Kuɗin akuya ba su kai ga gero da cikakken magani ba. Sai na yi yadda kowa ke yi a wajenmu: ya sa almakashi ya raba katin maganin biyu, na ɗauki rabi. Ta sha kunun geron da ita ta sussuka, ta tashi zaune, har tana min tsiya wai kununa duk gudaji ne. Kwana uku ƙwayoyin suka ƙare, zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, gulbi kuma ya tumbatsa har masu fito suka ɗaure jiragensu. Ranar Laraba muka kai ta makwancinta.

Ajali ne, ban musa ba. Amma bana ma motar ta zo, kuma shi na sayar wa, don babu wani mai saye. Da gaskiyar masu iya magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗaga hannu ka taya ni. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, kada Ya sake sa wani bawa zaɓi tsakanin kunu da magani. Ce amin.