Baƙon Gonar Dabo

Safar hannu biyu Malama Kaneng ta sa, ɗaya kan ɗaya, kafin ta durƙusa a bakin ramin. Dutsen na kwance a ciki, baƙi wuluk, bai fi gwanda girma ba, amma da ta ɗaga shi sai da ta yi nishi. Yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ga wani wari-wari da ya ratsa takunkumin da ke hancinta.

"Malam Dabo, ka tabbata ba wanda ya taɓa shi?"

Mai gonar ya juya yana kallon wakensa. "Yadda ya faɗo, haka kika same shi, Malama."

Kaneng 'yar Filato ce, tana koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Ɗalibanta ne suka ba ta labarin wutar da ta keto sama ta faɗa wata gona a Getso makon da ya wuce. Nan take ta aika wa mai unguwa cewa kada kowa ya kusanci wurin sai ta zo.

Shekara da shekaru tana gaya wa yara cewa masu harba kumbo kan tsabtace shi tas kafin ya tashi, kada ƙwayoyin cutarmu su bi shi zuwa duniyar Mas. Ƙasar da za a ɗebo daga can kuwa a rufe ruf za a kawo ta, don kada ta zo mana da abin da jikinmu bai sani ba. To ga baƙo ya kawo kansa, ba wanka, ba rufi.

Ta ɗaure dutsen a leda, ta sa a kular da wata ƙawarta ma'aikaciyar lafiya ta aro mata daga Kabo. Sannan ta sa aka zagaye gonar da igiya.

Daga nan wahala ta fara. Ofishin farko aka ce mata dutse ba aikinsu ba ne. Na biyu aka ce oga ya yi tafiya. A na uku wani ya tambaye ta, yana danne dariya, ko dutsen tari yake yi. Mijinta ya ce ba zai kwana ɗaki ɗaya da kular ba, sai bayan ɗaki ta ajiye ta.

A Getso kuma wake ya bushe ya fara fashewa a gona, igiya ta hana roro. Dabo ya zo har makaranta ya tsaya a rana, hula a hannu. Ta ce ya ƙara haƙuri. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya haɗiye ya tafi. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidansa.

Da ƙyar wani malamin jami'a a Kano, Dokta Badaruddeen, ya yarda ya karɓi dutsen. Ta yi ta kira ba ya ɗauka. Ranar da ya kira da kansa tana tsakiyar darasi.

"Malama, dutsen daga sama yake, wannan ba shakka. Kuma abin da muka kankaro daga tsagar jikinsa ya tsiro. Yana da rai."

Ta ajiye allin hannunta.

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji shi, "kamarsa ɗaya da ƙwayoyin cutarmu na nan duniya. Ki binciko mini duk wanda ya raɓe shi."

Ta bar ajin a buɗe ta hau acaɓa. Duk hanya tana tunanin yaran unguwar da rijiyar da ke gefen gonar, tana jin haushin duk wanda ya yi mata dariya.

Ba ta tarar da Dabo ba, sai matarsa Uwaliya a tsakar gida. A gurguje Kaneng ta gaishe ta, ta hau tambaya: akwai mai zazzaɓi? Gudawa fa? Ƙuraje?

"Lafiyarmu ƙalau, Malama, waken ne dai ya zube." Uwaliya ta goge hannu a zani, ta matso, ta rage murya. "Ni dai in kun gama da dutsen nan ku taimaka ku maido mini. Tun ranar da ya faɗo, da shi nake danne kwandon daddawata, sai da aka ce kina tafe Malam ya ji tsoro ya mayar da shi rami."