Damin Geron da Ya Ƙi Rabuwa

Rubuta, ɗiyata. Tun da na shiga takabar babanku nake tuna wata la'asar a gonarmu ta bayan Tamaske, ina 'yar shekara tara.

An gama ɗaurin gero, dami ɗari uku da bakwai. Baffana ya ce shi ya gaji da noman gandu, a raba uku tsakanin 'yan'uwa, kowa ya kama gabansa. Babana bai yi musu ba. Ya sa na tsinto tsakuwa, kowane dami da tasa, ya ce in kasa.

Na kasa uku, ɗaya ta yi saura. Na kasa biyu, haka nan. Biyar, biyu suka rage. Har goma na gwada, hannuna ya yi fari, ba kashin da ya zo daidai.

Baffa ya ce, "Yaya, a kwance dami guda mana!"

Babana ya ce, "Wanda Allah ya ɗaure, kai za ka kwance?"

Aka yi dariya, aka kai geron rumbu ɗaya.

Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma na san akwai adadin da ba ya rabuwa. Yanzu ƙasar kabarin mijina ba ta bushe ba, yayyenki sun zo da igiyar awon gona za su raba. Ina kuka, i, amma ban makance ba. Ki karanta musu: in damina ta faɗi, ni zan fara jefa iri.