Jan Fenti a Katanga

Tunda ya ga jan fenti a katangar gidansa, tsohon masuncin ya kasa zama. Ya shiga zaure, ya fito, ya sake komawa. Komar kamun kifin da yake ɗinki tana yashe a ƙasa.

"Baba, iyakar mazaɓa ce aka sake shatawa," in ji ɗansa. "Mu an haɗa mu da gabas, su Kawu da yamma, bayan masallaci kuma da arewa."

"Wa ya roƙe su?"

Kowa dai ya san dalili. A zaɓen da ya wuce unguwar ta haɗa kai ta kayar da kansilan da ya hana su ruwan noman rani. Yanzu an yanka ta gida uku, an manna kowane yanki a mazaɓar da jam'iyyar kansilan take da rinjaye.

Ranar zaɓe mutanen unguwar suka watsu, kowa ya kama hanyarsa. Tsohon ya hau acaɓa zuwa rumfar da bai san kowa a layinta ba, ya dangwala, ya dawo. Da aka ƙirga, ƙuri'unsu sun ɓace a cikin na wasu, kansilan ya koma kujerarsa.

Tsohon ya tsaya a gaban katangar yana shafa fentin. Ya taɓa ganin irinsa yana yaro, a jikin kukar tsohon garinsu, kafin ruwan madatsar Tiga ya shanye garin.

"Wancan karon," ya ce wa ɗansa, "sai da suka bari muka kwashe kayanmu, sannan suka nutsar da mu."