Farar Riga a Tukunyar Baba

Matar nan da gangan ta yi, kada wani ya ce mini kuskure ne.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa, Kiristocin ƙauyenmu na wajen Saulawa farar riga ɗaya gare su, wadda ake sa wa kowane jariri ranar baftisma. A ɗakin matar nan ake ajiye ta. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, ga ƙanwarta daga aure sai goyo. Ranar da Fada, limamin coci, ya zo daga Zariya don yi wa jaririn ƙanwar baftisma, yayar ta tsoma rigar a tukunyar baban rini, ta ce yara ne suka yi ɓarnar.

Fada ya ce, "Ruwa da sunan Allah ke shigo da yaro cikinmu, ba riga ba. Wa zai riƙe shi?"

Ƙanwar ta ce, "Yaya mana. Ɗan fari ne, in na yaye shi nata ne. Yaya, karɓi ɗanki."

Yayar ta zaro hannuwanta daga cikin mayafi. Sun rine da baba har wuyan hannu.

Wata aka miƙa wa yaron. Yayar ta tsufa, ta mutu, ba wanda ya kira ta Inna.