Yatsan Kaka da Gasar Bana

An ajiye wa tsohuwar kujerar roba a gefen fili, ta ƙi zama. Ta ce ba kallo ta zo yi ba. Mota biyu ta hau kafin ta iso kwalejin, ƙafafunta sun kumbura, amma ta dogara sanda tana duban ƙarti goma sha biyu suna bin ƙwallo ɗaya, suna jefa ta a kwandon da ba shi da gindi. Kwandon da ba ya riƙe komai, me za a yi da shi?

Jikanta na tsakiyarsu, ya kere kowa tsawo. Tsani suke ce masa. Da ya hango ta ya taho da gudu, gumi na zuba.

"Amarya, kin iso lafiya?"

"Kauce, miji ba cefane, sai tsawo kamar falwaya."

Ya yi yaƙe, ya koma fili.

Kocinsu ya matso yana murza hannu, ya shiga zayyano mata halin da suke ciki kamar ta tambaye shi. Bara sun kai wasan ƙarshe, aka doke su da maki biyu. Bana manya uku sun gama karatu sun tafi. Wanda ya fi iya jifa daga nesa, gwiwarsa a ɗaure take. Sababbin da aka ɗauka kuwa, ko takalmin ba su gama sabawa da shi ba. Ga shi saura kwana tara a fara gasa.

"Kaka, in da Tsani, muna da rabo a kofin nan. In babu shi, gara mu zauna a gida."

Ta san abin da ya kawo ta. Wata kwaleji ce ta kai ƙara cewa yaron ya wuce shekarun da aka ƙayyade wa 'yan wasa. Hukumar gasa ta aiko mai bincike. Iyayen yaron sun daɗe da rasuwa, ita ce kaɗai mai shaida. In ta shaida, zai yi wasa. In ba ta shaida ba, za a cire shi, kuma albarkacin ƙwallon nan yake samun ɗaki da abinci da karatu. Daga nan sai tasha, ya koma dakon siminti.

Ita kuwa ko bihim ba ta sani ba, amma a unguwarsu in an yi rigimar iyakar gida, ita ake kira. Shekara saba'in da ɗoriya ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Abin da ta mallaka ke nan, ba ta da gona, ba ta da akuya.

Aka shiga ofishin koci. Ɗaki ne ƙarami, fanka na kuka, kofuna uku sun yi tsatsa a kan kabad. Mai binciken ya gyara tabarau, ya buɗe fayil, ya karanta cikakken sunan da ke ciki. Tsani bai amsa ba sai da koci ya taɓa shi.

"Laƙabi ya cinye sunan," in ji koci yana dariya.

Mutumin ya bi sakamakon jarrabawa layi-layi. Lissafi, kimiyya, duk an ci da kyau. Koci ya ce ga tsawo ga kai, Allah ya haɗa wa yaro. Tsohuwa ta kalli rufin ɗakin. Ta tuna ƙaramin teburin nan na bakin ƙofarta, da littattafan da har yau take kaɗe wa ƙura duk safiya, ba ta san me ke cikinsu ba.

"Kaka, takarda ta nuna jikoki biyu kika riƙe, maza, wa da ƙane. Tsakaninsu shekara huɗu."

"Haka ne."

"Ɗaya ya rasu shekara uku da suka wuce."

"Zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi."

"Allah ya jiƙansa. To, wanda ya rasun, babban ne ko ƙaramin?"

A waje an daina buga ƙwallo, samari sun taru a taga. Ta dubi jikanta. Kansa na ƙasa. Ta dubi kafaɗar da siminti ya taɓa ci har ta yi kanta, yanzu ta cike ta yi sumul. Mai rai ake yi wa tanadi, in ji zuciyarta. Na ƙasa ba ya jin yunwa.

"Babban," ta ce.

Aka miƙo biro, ta ture shi. Aka kawo tawada. Ta dangwala babban yatsa, ta danna a inda aka nuna mata, ta danna da ƙarfi har takardar ta lotsa.

Koci ya fita yana tafi. Kafin ta ɗaura gyalenta, fili ya kaure da sowa, wai bana kofi ya zo gida.

Tsani ya rako ta bakin get riƙe da jakarta.

"Kaka, na go..."

"Kada ka gode mini. In kun ci kofin ma, kada ka kawo mini shi gida."

Ta karɓi jakarta, ta tsaya jiran mota tana goge yatsa a bakin zane, tawadar ta ƙi fita. Ba ta waiwaya ba, don ba ta san da wane suna za ta yi masa sallama ba. Mai sunan da ke cikin fayil, mai jarrabawar, shi ne ƙaramin da ta rufe wa ido da hannunta. Wannan dogon da ke tsaye a bayanta wansa ne, kuma yanzun nan ta sa yatsa a kan cewa shi ne ya mutu.